Dangin Birai na Farko: Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙasusuwansu da Nasabarsu

Rukunin dabbobin da masana ke kira Primates, wato dangin birai, ya ƙunshi lemur na Madagaska, loris da galago, tarsiya ta tsibiran kudu maso gabashin Asiya, birai masu wutsiya, da manyan birai marasa wutsiya. Ta fuskar ginin jiki, masana ilimin halittu a cikinsa suke lissafa ɗan Adam. Tambayoyin da ke tafe sun shafi farkon tarihin wannan dangi ne, daga kimanin shekara miliyan 66 zuwa miliyan 30 da suka wuce, wato zamanin Faliyosin, Iyosin da farkon Oligosin.

Da me ake gane cewa ƙashin da aka tono na dangin birai ne?

Alamomin da ake dogara da su ba su da yawa. A ƙoƙon kai ana duba ko akwai zoben ƙashi da ya kewaye gurbin ido ta baya, da kuma ko idanun gaba suka fuskanta maimakon gefe. A ƙarƙashin kai akwai wani ɗan kumburin ƙashi da ya rufe tsakiyar kunne. A dangin birai wannan murfi daga ƙashin da ke riƙe da cikin kunne yake tsirowa, a yawancin sauran dabbobi kuwa wani ƙashi ne daban. A ƙafa ana neman babban yatsa mai buɗewa gefe ya damƙi reshe, da ƙashin kan yatsa mai faɗi, wanda ke nuna farce shimfiɗaɗɗe ne ba mai tsini ba, sai kuma ƙashin diddige da ya yi tsawo ta gaba saboda tsalle.

Matsalar ita ce da wuya a sami waɗannan duka a dabba ɗaya, kuma alama guda ba ta isa hujja. Jaɓar bishiya ta Asiya tana da zoben ƙashi a bayan ido, alhali ba biri ba ce. Murfin kunnen ma yana da nasa rikicin, domin idan dabba ta girma layukan da ƙasusuwan suka haɗu sukan shafe, sai a kasa tantance daga wane ƙashi ya fito.

Me ya sa kusan kullum maganar haƙora ake yi?

Saboda su ne ke saura. Farin ɓawon haƙori kusan kashi 96 cikin ɗari ma'adini ne, ba ya ruɓewa, ba ya saurin narkewa ko a cikin tumbin mujiyar da ta haɗiye dabbar. Nau'o'i da dama da haƙora kaɗai aka san su.

Abu na farko da ake yi shi ne ƙirga. Ana ɗaukar rabin muƙamuƙi a lissafa haƙoran gaba, fiƙa, ƙananan turame, da manyan turame. Tsoffin dabbobi masu mahaifa suna da 3, 1, 4, 3, jimilla 44 a baki. Birai na ainihi na farko, masu alamomin da aka lissafa a sama, suna da 2, 1, 4, 3, wato 40. Yawancin biran Kudancin Amurka suna da 2, 1, 3, 3, wato 36. Biran Afirka da Asiya na yau da ɗan Adam suna da 2, 1, 2, 3, wato 32. Amfanin wannan lissafi ga nasaba babba ne: zuriyar da ta zubar da wani haƙori ba ta cika dawo da shi ba, don haka nau'in da ya riga ya rasa haƙori ba zai zama kakan wanda har yanzu yake da shi ba.

Na biyu, awo. Ana auna tsawo da faɗin turmin farko na ƙasa, a ninka su, a gwada da na birai masu rai waɗanda aka san nauyinsu. Daga nauyi kuma ake kusantar abinci. Richard Kay ya nuna cewa akwai iyaka a wajen giram 500: biri da ya fi haka ba ya iya kama ƙwarin da za su ƙosar da shi, wanda bai kai haka ba kuma hanjinsa ba ya iya sarrafa ganye. To, haƙorin mai cin ƙwari da na mai cin ganye duk suna da dogayen kaifafa na yanka, nauyin ne ke raba gardama. Mai cin 'ya'yan itace kuwa turamensa gajeru ne masu dunƙulallen kai.

Haƙori yana kuma yaudara. Abinci iri ɗaya kan sa haƙoran dabbobin da ba su da kusanci su yi kama. Algeripithecus, wanda aka bayyana a 1992 daga 'yan haƙoran da aka samo a Aljeriya, ya shekara fiye da 15 ana ɗaukarsa mafi tsufan birai masu ci gaba a Afirka, wato reshen birai masu wutsiya, marasa wutsiya da ɗan Adam. Da aka sami muƙamuƙansa, binciken 2009 ya mayar da shi ɓangaren su lemur. Haƙorin nono da haƙorin da ya sha tauna har ya goge su ma sun sha jawo a raɗa wa tsohon nau'i sabon suna.

Yaya ake fitar da ƙashi ƙanƙane haka daga dutse?

Ya danganta da irin dutsen. Idan laka ce ko yashi mai taushi, wankewa ake yi. Ana ɗibar ƙasar a buhuna, kowane buhu da lambarsa da shimfiɗar da aka ɗebo shi, a shanya ta ta bushe ƙarau, sannan a jiƙa. Busarwar nan ita ke sa lakar ta warware da zarar ta sha ruwa, idan aka tsallake ta sai ƙasar ta dunƙule. Daga nan a tace a jerin rariya, mai manyan ido a sama, mai idon kusan rabin milimita a ƙasa. Abin da ya rage a sake shanya shi, a riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan a faranti ana tsincewa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Wanda ya tsaya a rariya mai idon milimita 1 ko 2 zai zubar da haƙoran ƙananan nau'o'i da ruwan wanki, lissafinsa ya nuna kamar manya ne kawai suka rayu a wurin.

Idan dutsen farar ƙasa ne, narkar da shi ake yi da asid ɗin fomik da aka surka da ruwa sosai. Ana zuba sinadarin kalsiyam fosfet a ciki tun farko, domin shi ne ginin ƙashi, idan ruwan ya riga ya ƙoshi da shi ba zai ci ƙashin ba. A tsoma dutsen na ɗan lokaci, a fitar, a jiƙa shi a ruwa mai tsabta na lokacin da ya fi na asid ɗin tsawo, a busar, a shafa wa duk ƙashin da ya leƙo siririn gam, a sake tsomawa. Dunƙule ɗaya kan ci watanni. Gaggawa wajen ɗauraya ita ce babbar ɓarna, gishirin da ya saura a cikin ƙashi yakan tsiro daga baya ya farfasa shi. Dole kuma a zana matsayin kowane ƙashi kafin a ɗaga shi, don sau da yawa dabbobi da dama ne a cakuɗe a dunƙule guda.

A ramin Messel na Jamus dutsen yana ɗauke da ruwa da mai, yana bushewa yake tsattsagewa. Can sai a share gefe ɗaya na ƙwarangwal yana jiƙe, a zuba masa ruwan roba ya daskare, a juya a kankare dutsen ta ɗaya gefen. A hamadar Fayyum ta Masar kuwa share tsakuwar saman ƙasa ake yi a bar wa iska, ta kwashe yashin cikin shekara ta fito da ƙasusuwan. Abin da ya fi ƙarfin hannu ana ɗaukar hotonsa da na'urar CT, a rarrabe ƙasusuwan a kwamfuta ba tare da an taɓa su ba.

Ta yaya ake sanin shekarunsu?

Ba da kabon 14 ba. Rabinsa yana ƙarewa a shekara 5,730, bayan kimanin shekara 50,000 babu abin aunawa. Kuma ba ƙashin ake aunawa ba, duwatsun da suka rufe shi ne.

Hanya mafi ƙarfi ita ce tokar dutse mai aman wuta. Ƙananan lu'ulu'un da ke cikinta suna ɗauke da fotasiyam 40, wanda ke komawa iskar agon, rabinsa cikin shekara biliyan 1.25. Wasu kuma suna ɗauke da yuraniyam mai komawa dalma. Idan akwai toka a ƙasan ƙashi da wata a samansa, shekarunsa suna tsakani. Ana auna lu'ulu'un ɗaya bayan ɗaya, saboda wani tsoho daga aman da ya gabata kan shigo ciki ya ja lissafi baya.

Inda babu toka ana bin maganaɗisun ƙasa. Arewa da kudunsa sun sha juyawa, laka kuma tana riƙe da alƙiblar lokacin da ta kwanta. Ana ɗibar samfuri daga ƙasa zuwa sama a fitar da jerin juye-juyen, a gwada da jadawalin duniya. Jeri ɗaya na iya dacewa da wuri biyu a jadawalin, shi ya sa aka daɗe ana ba Aegyptopithecus, wani tsohon biri na Fayyum, shekara miliyan 33 ko fiye, sai da aka sake nazari a 2006 aka dawo da shi kusan miliyan 30. Wuri mafi wahala shi ne ramukan dutse da ƙasa ta cike. Ƙasusuwan Quercy na Faransa da masu haƙar fosfet suka fitar a ƙarni na 19 na zamuna daban-daban ne, kuma ba a rubuta ramin da kowanne ya fito ba.

Wanne ne mafi tsufa?

Purgatorius, daga jihar Montana ta Amurka. Leigh Van Valen da Robert Sloan ne suka bayyana shi a 1965. Haƙoran da aka wallafa a 2021 sun kai shekara miliyan 65.9, wato bai fi shekara 140,000 ba bayan halakar da ta shafe dainoso. Tun a lokacin nau'insa ya fi ɗaya, abin da ke nuna zuriyar ta faro kafin halakar. Shekara 50 ana saninsa da haƙora da muƙamuƙai kawai, sai a 2015 Stephen Chester da abokan aikinsa suka bayyana ƙasusuwan idon sawunsa, masu juyawa ciki da waje irin na mai hawa bishiya. Girmansa bai wuce na ƙaramin ɓera ba.

To su Purgatorius birai ne ko kuwa?

Nan gardamar take, kuma ba ta mutu ba. Purgatorius yana cikin wani babban rukuni da ake kira Plesiadapiformes, mai nau'i sama da 140, wanda ya cika dazuzzukan Arewacin Amurka, Turai da Asiya. Wasu, irin su Ignacius, har tsibirin Ellesmere na can ƙuryar arewacin Kanada sun kai. Plesiadapis, da aka fi sani daga Cernay ta Faransa da yammacin Amurka, ya kai kusan kilo 2. Duba ƙoƙon kansa ba za ka ce biri ba: dogon baki, idanu a gefe, babu zobe a bayan ido, manyan haƙoran gaba masu turowa waje, giɓi tsakaninsu da turame, ga farata masu tsini a kowane yatsa.

Masu shigar da su dangin birai suna kafa hujja da siffar turame, da dogayen yatsu, da kuma Carpolestes simpsoni. Jonathan Bloch da Doug Boyer ne suka narko ƙwarangwal ɗinsa daga farar ƙasar Wayomin, suka wallafa a 2002. Dabba ce mai kusan giram 100, ta ƙarshen Faliyosin, babban yatsan ƙafarta yana damƙa kuma yana da farce mai faɗi, amma idanunta ba su fuskanci gaba ba, ƙafafunta kuma ba na tsalle ba ne. Masu ja da baya suna cewa yatsan nan shi kaɗai ya samo shi, ba gadon kaka ɗaya ba ne, tunda haƙoransa sun riga sun bi wata hanya daban, da wani ƙaramin turmi na ƙasa da ya zama faffaɗan zarto. A 1990 Christopher Beard ya kawo cewa wasunsu dangin kolugo ne, dabbar Asiya mai shawagi da fata tsakanin bishiyoyi, amma cikakkun ƙwarangwal da aka samu daga baya ba su nuna ginin shawagi ba.

A ganinmu hujjar da ke sa su a gindin bishiyar birai ta fi nauyi, muddin an fahimci cewa 'yan uwa ne na gefe. Yawancinsu sun riga sun zubar da haƙoran da birai na ainihi suka riƙe, saboda haka ba daga cikinsu aka fito ba. Batun yana da muhimmanci domin shi ke nuna abin da ya riga wani. Matt Cartmill ya ce farautar ƙwari da ido a kan siraran rassa ce ta haɗa idanu gaba ta kuma kawo damƙa. Robert Sussman ya ce neman 'ya'yan itace da furanni a ƙarshen rassa ne. Idan yatsan Carpolestes gado ne, to damƙa ta riga haɗuwar idanu, kuma hakan ya fi karkata ga Sussman.

Yaushe birai na ainihi suka bayyana?

Kimanin shekara miliyan 56 da suka wuce, a farkon Iyosin, lokacin da zafin duniya ya ƙaru da digiri 5 zuwa 8 cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, dazuzzuka suka kai har kusa da ƙuryar arewa. Wannan ɗumama ta bar alama a sinadarin kabon na duwatsu a duk duniya, shi ya sa ake iya jera wurare masu nisa a ma'auni ɗaya. Da wannan ma'auni aka ga Teilhardina, ɗan ƙaramin biri mai kusan giram 30, ya bayyana a lardin Hunan na Sin, da Dormaal ta Beljiyam, da Wayomin, duka cikin kimanin shekara 25,000. Tare da shi dabbobi masu kofato na farko suka ɓullo.

Ƙwarangwal mafi tsufa da ya kusa cika shi ne na Archicebus achilles daga lardin Hubei na Sin, mai shekara miliyan 55, wanda Ni Xijun da abokansa suka bayyana a 2013 bayan an haska allunan dutsen biyu a Grenoble ta Faransa. Nauyinsa giram 20 zuwa 30, wutsiyarsa ta fi jikinsa tsawo, gurbin idonsa ƙarami ne, alamar da rana yake kiwo. Akwai kuma Altiatlasius na Maroko, mai kusan shekara miliyan 57, amma haƙora ne kamar goma, kuma kusan kowane reshe an taɓa jingina shi da shi. Mahaƙar gawayi ta Vastan a Gujarat ta Indiya ta ba da ƙasusuwan gaɓoɓi masu tsohon gini ƙwarai, na kusan miliyan 54.5.

Mene ne bambancin Adapiformes da Omomyiformes?

Su ne manyan rassa biyu na Iyosin, kuma tun bayyanarsu ta farko a rabe suke. Adapiformes sun fi girma, yawanci daga rabin kilo zuwa kilo 6 ko 7, da dogon baki, ƙananan haƙoran gaba, manyan fiƙoƙi, da ƙananan idanu. Ganye da 'ya'yan itace suke ci. Cikinsu akwai Cantius, da Notharctus na Wayomin da Joseph Leidy ya raɗa wa suna a 1870, da Adapis na Faransa, wanda Georges Cuvier ya bayyana a farkon shekarun 1820 yana zaton dabba ce mai kofato. Omomyiformes ƙanana ne, akasari ƙasa da giram 500, da gajeren baki, da yawa kuma da manyan idanun dare, irin su Tetonius, Shoshonius da Necrolemur.

Ƙashin idon sawun Adapiformes yana da wani gangare a inda siririn ƙashin ƙwauri ke zama, irin wanda ake gani a lemur da loris kaɗai, shi ya sa ake sa su a wannan ɓangare. Sai dai ba su da matajin haƙora, wato haƙora shida na gaban muƙamuƙin ƙasa da suka kwanta suka jeru, waɗanda lemur ke taje gashi da su. Mafi tsufan mataji a Fayyum aka same shi, a bakin Karanisia, mai shekara miliyan 37. Omomyiformes kuwa ana danganta su da tarsiya.

Yaya ake tsara bishiyar nasaba, tunda babu wanda ya ga haihuwa?

Ana yin jadawali. Kowane layi nau'i ɗaya ne, mai rai ko wanda ya ƙare, kowane ginshiƙi siffa ɗaya ce: ƙananan turame nawa, akwai bango a bayan ido ko babu, rabin muƙamuƙi biyu sun manne ko a rabe suke. Siffofin kan kai ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu. Ana saka dabbobin waje, kamar jaɓar bishiya da kolugo, don a san wace siffa ce tsohuwa. Kwamfuta sai ta nemo bishiyar da ta fi dacewa da jadawalin, ko dai mai buƙatar sauyi mafi ƙaranci, ko mafi yiwuwa a lissafi.

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta ita ce sabuwar siffa da aka yi tarayya a kai ce kawai ke nuna kusanci. Tsohuwar siffa da kowa ya gada ba ta haɗa kowa da kowa. Abubuwa uku ne suka fi ɓata sakamako: siffa ɗaya ta ɓullo sau biyu a zuriya daban-daban, nau'in da haƙori ɗaya ne gare shi ya riƙa yawo a bishiyar saboda yawan gurabe marasa bayani, da ƙirga siffofi biyar waɗanda a gaskiya sauyi ɗaya ne ya haife su. Kuma bishiyar 'yan uwantaka take nunawa. Ba ta iya tabbatar da cewa wannan ƙashi shi ne kakan wancan.

Ina gaskiyar maganar Ida?

Ida, wato Darwinius masillae, ƙaramar mace ce mai shekara miliyan 47 daga Messel, tsawonta santimita 58, kusan kashi 95 cikin ɗari na ƙasusuwanta suna nan, har da inuwar gashi, da ganye da 'ya'yan itacen da ta ci, da karayar wuyan hannu. An tono ta a 1983, aka sayar da allunan dutsen biyu da take ciki daban-daban, aka ma yi wa ɗayan cikon jabu don ya yi kama da cikakke. Da gidan tarihi na Oslo ya sayi babban allon, aka sanar da ita a Mayun 2009 da shelar cewa tana kusa da tushen birai masu ci gaba.

Ɗaya daga hujjojin shi ne ba ta da matajin haƙora. Amma rashin mataji tsohuwar siffa ce, ba ya kusantar da ita da kowa. A Oktoban shekarar Erik Seiffert da abokansa suka bayyana Afradapis daga Fayyum, suka gwada siffofi 360 a nau'i 117, Ida ta faɗa cikin Adapiformes. Darajarta ba ta ragu ba, har yanzu tana cikin mafi cikar birai na da da aka taɓa samu.

Birai masu ci gaba daga Afirka suka fito ko Asiya?

Ana nufin Anthropoidea, reshen da ya haɗa birai masu wutsiya, marasa wutsiya da ɗan Adam. Babbar alamarsu ita ce bangon ƙashi da ya toshe bayan gurbin ido gaba ɗaya. An daɗe ana cewa Afirka, saboda Fayyum. A 1994 aka bayyana Eosimias daga ramukan Shanghuang na lardin Jiangsu a Sin, mai shekara miliyan 45, ƙarami, mai zurfin muƙamuƙi. An yi ta musu a kansa har aka sami cikakken muƙamuƙi, sannan ƙasusuwan idon sawu a 2000. Shimfiɗun Pondaung na Myanmar sun ƙara da Bahinia, Pondaungia da Amphipithecus. A 2012 aka bayyana Afrasia daga can, haƙora huɗu masu shekara miliyan 37, waɗanda suka yi matuƙar kama da na Afrotarsius na Libiya.

Yawancin masana yanzu sun karkata ga cewa tushen a Asiya yake, inda tarsiya ma take, sannan aka tsallaka tsohon tekun Tetis zuwa Afirka, wadda a lokacin tsibiri ce, wataƙila fiye da sau ɗaya. A Afirka ne reshen ya bunƙasa.

Me ya sa Fayyum ta fi ko'ina muhimmanci?

Domin a wuri ɗaya, kimanin kilomita 100 kudu maso yammacin Alƙahira, akwai shimfiɗu a jere na kusan shekara miliyan 8, na lokacin da wurin yake dajin bakin kogi. An fara samun birai a can tun farkon ƙarni na 20, Elwyn Simons kuma ya farfaɗo da aikin a 1961. A shimfiɗar ƙasa, mai miliyan 37, akwai Biretia. A ta miliyan 34 akwai Catopithecus, mai toshasshen bayan ido da ƙananan turame biyu, da Proteopithecus mai uku. A sama akwai Apidium mai tsalle, da Aegyptopithecus mai kilo 6 zuwa 7, haƙora 32, maza sun fi mata girman jiki da fiƙa, ƙwaƙwalwa kuma ƙarama.

Aegyptopithecus bai da bututun ƙashi a kunne, wanda duk biran Afirka da Asiya na yau suke da shi, don haka ya riga rabuwar masu wutsiya da marasa wutsiya. Saadanius na yammacin Saudiyya, mai miliyan 28 zuwa 29, yana da bututun. A kwarin Rukwa na Tanzaniya, a shimfiɗa mai miliyan 25.2, an sami Rukwapithecus da Nsungwepithecus, waɗanda ake ɗauka wakilan ɓangarorin biyu bayan rabuwa.

Yaya birai suka isa Kudancin Amurka?

Ta teku, daga Afirka, a kan tarin bishiyoyi da ciyayin da manyan koguna ke tunkuɗawa lokacin ambaliya. Nahiyoyin biyu sun rabu tun fiye da shekara miliyan 100, babu gada, amma faɗin Atlantika a lokacin kilomita 1,500 zuwa 2,000 ne. Branisella na Boliviya yana da miliyan 26. A Santa Rosa ta dajin Amazon na Peru an sami Perupithecus, sannan a 2020 aka bayyana Ucayalipithecus daga turame huɗu. Shi dangin Apidium ne na Fayyum, ba dangin biran Amurka na yau ba, ke nan tsallakawar ta faru aƙalla sau biyu. Kakannin wasu ɓerayen yankin ma daga Afirka suka zo.

Me ya kawar da birai daga Turai da Arewacin Amurka?

Sanyi. Wajen shekara miliyan 34 ƙanƙara ta lulluɓe Antatika, dazuzzukan arewa masu 'ya'ya duk shekara suka ja baya. Wani biri mai suna Ekgmowechashala ya ɓullo a Arewacin Amurka kusan miliyan 30, bayan sauran sun ƙare, kuma 'yan uwansa na kusa a kudancin Sin suke, alamar baƙo ne daga Asiya. Wani reshen Adapiformes ya jure a kudancin Asiya har ƙasa da shekara miliyan 10 da suka wuce.

Ba za a iya warware duk wannan da DNA ba?

Daga ƙasusuwan kansu, a'a. DNA mafi tsufa da aka karanta kusan shekara miliyan 2 gare shi, daga daskararriyar ƙasar Girinlan, furotin ɗin haƙorin Gigantopithecus, wani ƙaton birin Asiya da ya ƙare, ma miliyan 1.9 ne. Abin da DNA ke yi shi ne tsara masu rai. Ya tabbatar da cewa tarsiya ta fi kusa da birai masu ci gaba fiye da lemur, kuma kolugo da jaɓar bishiya su ne maƙwabtan dangin, sai ɓeraye da zomaye.

Wajen lokaci ne ake samun saɓani. Ana ƙirga bambancin DNA tsakanin nau'i biyu, a daidaita saurin sauyin da ƙasusuwan da aka san shekarunsu. Irin wannan lissafi yakan kai kakan birai masu rai shekara miliyan 70 zuwa 85, alhali ƙashi mafi tsufa na biri na ainihi miliyan 56 ne. Kowane ɓangare yana da rauninsa. Ƙananan dabbobi masu saurin haihuwa DNA ɗinsu ya fi saurin sauyawa, idan aka auna su da saurin manyan birai na yau sai lokacin ya yi tsawo fiye da kima. Ƙasusuwan kuma giɓinsu babba ne. Lissafin da Simon Tavaré da Robert Martin da abokansu suka wallafa a 2002 ya kiyasta cewa nau'o'in da aka tono ba su wuce kashi 7 cikin ɗari na waɗanda suka taɓa rayuwa ba. Ƙasar dajin zafi tana da tsami, tana cinye ƙashi kafin ya binne. Lemur sun shafe miliyoyin shekaru a Madagaska, amma ƙasusuwansu da aka samu a tsibirin ba su kai shekara 30,000 ba. Tarin da ake da shi ya yi nauyi ta wajen Wayomin da yammacin Turai, inda aka fi shekara 150 ana tono, duwatsun Faliyosin na Afirka, Indiya da kudu maso gabashin Asiya kuwa kaɗan ne daga cikinsu aka taɓa wankewa a rariya.